Karen da Na Ba da Kiwo

Shekara huɗu muka yi a Manchester, bango ɗaya ne tsakaninmu da wata tsohuwar Baturiya. Ni karatun digiri na uku na zo yi a fannin haɗa magunguna, maigidana kuma injiniya ne, ya biyo ni da 'yarmu ta fari, Allah Ya taimake shi ya samu aiki. Tsohuwar mijinta ya rasu tun kafin mu zo. Ɗanta ɗaya tilo yana can wata ƙasa mai nisa, sai dai kati lokacin Kirsimeti. Shekara talatin ta yi tana dafa wa 'yan firamare abinci kafin ta ajiye aiki. Yarana Granny suke ce mata, ni ma na bi bakinsu.

Matar nan ta yi min rana. Na yi haihuwa ta biyu a tsakiyar sanyi, ba uwa a kusa, ba uwar miji, ba ko mai ɗora min ruwan zafi. Ita ce ta riƙa ɗauko min babbar daga makaranta. Ita ce take rungume jaririn a kujerarta awa uku cur, ni kuwa ina sama ina fama da rubutu. Da ta gane ba ma cin naman alade, sai da ta sayi tukunya daban ta ajiye don yarana. Tana da wani tsohon kare mai furfura a baki, kuma tun ranar farko da ta ga yadda na yi tsalle na maƙale jikin ƙofa, duk lokacin da za mu shiga sai ta rufe shi a kicin. Ban taɓa roƙonta ba. Ni dai tsoron kare nake ji tun ina yarinya, kuma ban yi niyyar warkewa ba.

Saura wata uku mu tashi karen ya mutu. Na riga na samu aiki a wani asibiti a Birmingham, mun fara ɗaure kaya. Ta taga nake hango ta, ƙarfe takwas na safe, lokacin da ta saba fita da shi. Sai ta sa rigar sanyinta ta fito bakin ƙofa, ta tsaya, ta dubi titi dama da hagu, ta koma ciki. Abin ya tsaya min a rai.

Na ce wa maigidan dole mu yi mata kyauta kafin mu tafi.

Ya ce, "Ki saya mata flowers da card mai kyau. Haka suke yi."

Na ce, "Furanni? Abin da zai bushe kafin mu gama sauke kaya daga mota? Matar da ta raini ɗanka?"

A inda na tashi, wanda ya yi maka abin da baki ba zai iya godewa ba, dabba ake kai masa. Babana rago ya kai wa likitan da ya yi wa ƙanena aiki. Kakata ta ba ni 'yar akuya ina shekara tara, kuma da 'ya'yan akuyar nan aka saya min akwati da katifa da zan tafi makarantar kwana. A kaina, in ka ba mutum dabba, ƙari ka yi masa. Kare kuwa, duk waɗanda na sani a garinmu ƙanzo suke ci da ragowar tuwo, ban taɓa jin an yi wa ɗaya cefane ba. Don haka na ce kare zan saya mata, ɗan ƙarami wanda ba zai ja ta ya kayar ba.

Maigidan ya ajiye cokali. "Ke? Kare? Dakta, kin tabbata lafiyarki ƙalau?"

Na ce ba a gidana zai kwana ba, ba ni zan taɓa shi ba, Allah kuma Ya san niyyata. Ya ce to, shi dai ba ruwansa. In na kafe a kan abu ya san ɓata yawun bakinsa kawai zai yi.

Matar farko mai sayar da karnuka da na je wurinta tana wajen gari, 'yan kwikwiyo huɗu ne a kwando. Na zaci zan nuna ɗaya, in biya, in tafi. Ashe bincike za a yi min kamar na zo neman auren 'yarta. Gidan akwai fili a baya? Wa zai riƙa fita da shi? Na taɓa riƙe kare? Da na ce ai ba nawa ba ne, kyauta zan yi wa wata tsohuwa, sai ta janye kwandon ta mayar bayanta. Ta tambaye ni shekarun tsohuwar, na faɗa mata. Ta tambaye ni ko tsohuwar ta san da maganar, na ce in ta sani ai ya tashi daga kyauta. Ta ce ba za ta sayar min ba, ko nawa zan biya. Na fito raina a ɓace, ina ce wa kaina saboda ta gan ni da mayafi ne. Na daɗe ina riƙe da matar nan a zuciya, alhali ita ce mai gaskiya.

Na biyun namiji ne, a intanet na same shi. Bai tambaye ni komai ba, ni kuma sai na ce ga ɗan kasuwa na gari. Ya ce fam dubu ɗaya da ɗari huɗu. Na riƙe baki. Kuɗin nan in aka canza su, a gida sai a sayi raguna a raba wa dangi. Amma ciniki ba baƙona ba ne. Na duba ɗan kwikwiyon daga nesa, na ce ƙafarsa ta baya kamar ba ta miƙe sosai ba, ya rage. Ni ba abin da na gani, dabara ce kawai irin wadda ake yi a kara, kasuwar dabbobi. Ya rage ɗari biyu nan take, ko gardama bai yi ba. Na shiga mota ina jin kaina, na ce yau na nuna wa Bature kasuwa. Da na tsaya na yi tunani, saurin ragin nan ya isa ya ba ni tsoro.

Wani ɗan abu ne fari, gashi buzu-buzu, bai fi a saka shi a kwanon sha ba. A cikin kejinsa na ɗauko shi, na miƙe hannu nesa da jikina, na ƙwanƙwasa ƙofar Granny. Ta buɗe, ta dubi kejin, ta dube ni. Sannan ta durƙusa da ƙyar ta buɗe kejin, ɗan abin ya fito ya hau cinyarta yana rawar jiki. Idonta ya ciko. Na ce a raina murna ce ta hana ta magana. Bayan kwana biyar muka tafi.

A Handsworth, wata unguwa a Birmingham, muka samu gida, irin dogayen layukan nan na jan bulo, bas yana wucewa ta bakin ƙofa. Aiki ya sha kaina. Da farko duk Lahadi nake kiran Granny, ta ba ni labarin ɗan karen: ya cinye takalminta, ya koyi zama, yana jin tsoron injin shara. Daga baya kiran ya koma sau ɗaya a wata, daga nan sai ranar da na tuna. Kuma ba na jin na yi laifi, don na san ba ita kaɗai ba ce a gidan. Har labarin nake bayarwa a wurin aiki, in nuna musu yadda mu muke rama alheri.

Kusan shekara biyu ban taka Manchester ba. Sai wata ƙawata ta haihu, na hau jirgin ƙasa ranar Asabar na tafi suna. Da aka ci aka sha, wajen azahar, na ce bari in leƙa Granny ba tare da na kira ba.

Ta buɗe ƙofa sanye da rigar sanyin da take fita da ita, har da hula. Na zaci fita za ta yi. Da na shiga na gane cikin gidan ne ya fi waje sanyi. Ta rame, zoben aurenta har juyawa yake a yatsa. Ta nufi karen za ta kai shi kicin kamar yadda ta saba, na ce ta bar shi. Ba wai na daina tsoro ba ne. Na ga bai ma iya tasowa ba. Yana kwance a gaban wata 'yar hita mai sanda ɗaya, ita kaɗai ce a kunne duk gidan, ƙafarsa ta baya a ɗage.

Na shiga kicin in haɗa mana shayi, don na san inda komai yake. A firji na ga madara, rabin burodi, da man shafawa. A kan kantar kicin ɗin kuwa gwangwanayen abincin kare ne a jere, irin wanda sai likita ya rubuta ake sayarwa. Na san farashin irin waɗannan abubuwa, aikina ne.

Ba ta so faɗa ba, ni kuma na matsa. Ta fara lissafo min a hankali, ba ta ko kallona. Allurar rigakafi duk shekara. Maganin ƙuma da na tsutsar ciki duk wata. Aski duk bayan sati shida, don irinsu gashinsu ba ya zuba da kansa, in aka bar shi sai ya dunƙule ya ci fata. An yi masa dandaƙa, kuɗi. Cikinsa ba ya karɓar abinci mai arha. Ta yi masa inshora da farko, da aka ƙara kuɗin ta kasa, ta bari. Bayan ta bari ne gwiwar ta fara gocewa. Likitan dabbobi ya ce da ita aka haife shi, sai an yi aiki, kuma kuɗin aikin ya fi kuɗin da na saye shi. Yanzu ko ta koma inshora ba za su biya ba, tunda ciwon ya riga su. Ɗan fanshon da mijinta ya bar mata kuma ya ɗaga ta kaɗan sama da waɗanda ake yi wa dabbobinsu magani kyauta.

Na ce, "To yanzu me za a yi?"

Ta ce ta riga ta yi. Akwai gidan da ke karɓar karnukan da masu su suka kasa riƙewa, za su yi masa aikin, su nema masa wasu mutane. Ranar Alhamis za su zo su tafi da shi. Ta nuna min jaka a bayan ƙofa, ta haɗa masa bargonsa da kwanonsa da wani tsohon takalminta.

Nan take na buɗe jakata na ce zan biya komai, ta faɗi nawa ne. Ban taɓa ganin fuskar Granny haka ba. Ta miƙe zaune sosai, ta ce ita tun tana shekara goma sha biyar take aiki, ba ta taɓa cin kuɗin wani ba, kuma ba za ta fara da 'yar da ta riƙe wa jariri ba. Na yi magiya, ta ce in sha shayina kada ya huce.

A jirgi ina dawowa haushi ya cika ni. Da farko ita nake jin haushi, da taurin kanta. Kafin mu kai rabin hanya na gane wa ya kamata in ji haushi. Ni ce na ɗauki baki mai ci na ajiye a gidan matar da take auna madarar shayinta, na kira shi kyauta, na kaɗe zanena na tafi. Kunya ta kama ni har na kasa kallon fuskata a gilashin taga.

Maigidan bai ce "ai na faɗa miki" ba, don bai faɗa ba, shi ma bai sani ba. Cewa ya yi, "Mu biya likitan dabbobin direct mana, ba sai ta sani ba."

Na ce, "Za ta sani. Kuma ranar da ta sani mun rasa ta gaba ɗaya."

Washegari da hantsi na kira mahaifiyata, na kwashe komai na faɗa mata. Sai da ta yi dariya har da tari. "Kare? Ke 'yar nan, duk karatun naki a kan kare ya ƙare?" Da ta gama, sai ta tambaye ni ko matar tana son dabbar. Na ce kamar ranta.

Ta ce, "To ki mayar da shi kiwo mana. Kin manta yadda nake yi da matan ƙauye? Tunkiya tawa ce, a gidansu take. Su ke ɗaure ta su kwance ta, amma in ta yi ciwo wa ake aiko wa? In dusa ta yi tsada wa ke saya? Kin taɓa jin wadda ta ce sadaka nake ba ta? Ai ita ce ma take min aiki."

Na ce, "Hajiya, ai na riga na ce mata kyauta ne."

Ta ce, "Sai ki ce kuskure kika yi. Ba kuskuren kika yi ba?"

Daren ranar muka zauna da maigidan muka duba abin da za mu iya. Tafiya gida da muka shirya a hutun ƙarshen shekara ita ce za ta sha wuya, sai a ɗaga ta. Ya yi tsaki kaɗan, ya ce kare ya hana shi ganin uwarsa. Na ce uwarsa tana da 'ya'ya bakwai a kusa da ita. Daga nan ya yarda.

Ranar Laraba na ɗauki hutu a wurin aiki na hau jirgin safe. Na same ta ta yi wa karen wanka, ta taje shi, yana kan cinyarta. Jakar tana nan bayan ƙofa. Ban zauna ba sai da na gama magana, don kada in fasa. Na ce mata na zo gyara kuskure ne. A garinmu mai dabba yakan kai ta gidan wani a riƙe masa. Dabbar tasa ce, ciwonta nasa ne, abincinta nasa ne. Mai riƙon kuma wahalarsa yake bayarwa. Na ce ni ba zan iya ajiye kare a gidana ba, ta fi kowa sani. Ita kuma ta iya. Shekara biyu tana riƙe min dabba tana kuma biyan abin da ni ya kamata in biya, kuma ba ta da ikon ba da shi ga wasu ban yarda ba.

Ta kalle ni ta saman tabarau. "Yanzu kika ƙirƙiro wannan, ko?"

Na ce wallahi ban ƙirƙira ba, ga waya, in kira mata mahaifiyata ta ji daga bakinta. Yanzu haka tumakinta suna gidaje uku.

Ta sunkuyar da kai tana shafa kunnen karen. Can ta ce, "Kin san ban ce ki kawo min shi ba. Ranar da kika zo da shi, bakina ya buɗe zan ce ki mayar. Na san abin da kare yake ci, na riƙe guda huɗu a rayuwata. Amma na ga fuskarki. Kin kawo shi ne don ki tafi hankalinki a kwance. Sai na ce bari in bar yarinyar nan ta tafi."

Gaskiya ta faɗa, kuma ta yi min zafi fiye da zagi. Na zauna a hannun kujera na yi kuka, irin wanda ban yi ba tun da na zo ƙasar nan. Ba ta lallashe ni ba, ta bar ni na gama.

Sannan ta ce, "Waɗannan tumakin na mahaifiyarki. Tana zuwa ta duba su, ko aike kawai take yi?"

Na ce tana zuwa da ƙafarta.

"Sau nawa?"

Na ce kusan duk ranar kasuwa.

Ta ce Birmingham da nisa, ba za ta zalunce ni ba. Sau ɗaya a wata ya isa, amma da yaran. In wata ya wuce ba ta ga mai dabba ba, to ba ta san da wata yarjejeniya ba. Na ce na yarda. Ta ce kuma kuɗin wutar gidanta ba ya ciki, kada in kuskura. Na ce wannan ma na ji, ko da yake na san in abincin kare ya sauka daga wuyanta, hita za ta kunnu da kanta.

Ta jawo wayar gidan ta danna lambar mutanen da za su zo gobe. Na ji an ɗauka, muryar wata budurwa tana gaisuwa. Granny ta buɗe baki, magana ta ƙi fita. Ta sake gwadawa, ta kasa. Sai ta miƙo min wayar.

Ta ce, "Ke ce mai shi. Ke za ki faɗa musu."

Na karɓa. Yarinyar ta tambayi wace ce, da kuma me ya haɗa ni da karen. Na dube shi, ya kwantar da kai a hannun Granny yana kallona da ido ɗaya. Na gyara murya, na ce mata karena ne, an samu kuskure, kada su wahalar da kansu gobe. Ta ce ko na tabbata, don aikin da yake buƙata ba ƙarami ba ne. Na ce na sani, ni zan biya, kuma ba inda za shi.

Kafin in ajiye wayar Granny ta riga ta tashi, ta ɗauko jakar daga bayan ƙofa, tana fito da bargon.